Ba lambar yabo ce ke sa mutum ya iya riƙon wasanni ba

Duk lokacin da aka zo zaɓen shugabannin wasanni sai ka ji ana cewa a ba tsohon ɗan wasa, wai shi ya san ciwon abin. Ni fa wannan maganar ba ta gamsar da ni, don ɗan wasa ma yana hawa kujera ya mance da na ƙasa.

Ku dubi Anita DeFrantz, baƙar fata 'yar Amurka, mai tseren kwale-kwale. A 1976 ta ci tagulla a Olamfik ɗin Montreal, cikin jirgin mata masu tuƙi takwas, shekarar da aka fara barin mata su yi wannan tseren kenan, kuma ita ce gasar da Najeriya da ƙasashen Afirka da dama suka ƙaurace wa saboda wariyar launin fata. To amma ba tagullar ce ta ɗaga ta ba. A 1980 shugaban Amurka Jimmy Carter ya ce Amurka ba za ta Mosko ba tunda Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan, ita kuwa lauya ce, sai ta haɗa kai da wasu 'yan wasa suka maka kwamitin Olamfik na ƙasarsu a kotu, suka ce yaya mutum zai shekara huɗu yana atisaye sannan ɗan siyasa ya hana shi fita. Ta faɗi shari'ar, ta sha zagi, Moskon ma ba ta je ba. Wannan shi ne gwajin da nake nufi, ranar da gwamnati ta taka 'yan wasa ina ka tsaya?

Daga nan ta yi aikin shirya gasar Los Angeles ta 1984, ta shiga IOC, wato kwamitin Olamfik na duniya, a 1986, a 1997 ta zama mace ta farko mataimakiyar shugaba. A 2001 ta nemi shugabancin kansa, a Mosko ɗin nan dai, ƙuri'a 9 ta samu aka fitar da ita tun zagayen farko, Jacques Rogge ya lashe. Sai 2025 mace ta hau kujerar, Kirsty Coventry ta Zimbabwe.

Inda ba na tare da ita kam shi ne daɗewa. Shiga tun 1986 fa! Waɗanda aka zaɓa kafin gyaran dokokin IOC na 1999 sai sun kai shekara 80 suke sauka, na bayansu 70. Ko waye kai wallahi wannan ya yi yawa, yaran da ke tuƙi yau ko haifarsu ba a yi ba lokacin da ta shiga.