Kuɗin da ya ɓata hanya ya faɗo wayarka ba rabonka ba ne

Salamu alaikum samarin zango, na Aboabo da Asawase da Alabar da Sawaba, har da ku da kuke wuni a Kejetia ko a garejojin Suame Magazine sai dare ya maido ku gida.

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakinmu, duk majalisar ataya da ka zauna sai ka ji ta: "Ai ban sata ba, ban roƙa ba, da ƙafarsa ya shigo." Ana faɗinta ne idan wani ya kuskure lamba ɗaya wajen tura momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, kuɗin ya faɗo wayar ɗayanmu. Kafin mai kuɗin ya gama neman lambar da zai kira, an riga an garzaya rumfar mai momo an cire, an kashe waya, wani ma har layin yake karyawa. Da yamma a zo ana tafawa, wane ya samu tsuntsu daga sama gasasshe. Wanda ya ce a mayar kuwa shi ne sakarai, ko a ce ya cika son nuna malanta.

Ƙannena, ba sai mutum ya yi sata ba haƙƙin wani ke hawa kansa. Akuyar maƙwabci ta shigo gidanku da ƙafarta, babu wanda zai yanka ta ya ce Allah ne ya ciyar da shi. Dukanmu mun san wannan. Don kuɗin waya ba ya kuka, kuma ba ma ganin fuskar mai shi, shi ya sa muke nema masa wani hukunci daban. To kotu ba ta ba shi hukunci daban ba.

Wani ɓangare na dokar da alƙalan Gana ke aiki da ita gadon Ingila ne. Da Turawa suka kafa babbar kotu a ƙasar nan a 1876, sun shigo da dokar alƙalan Ingila yadda take a ranar 24 ga Yuli 1874, kuma sashe na 11 na tsarin mulkin 1992 ya bar ta cikin dokokin ƙasa. A cikin gadon nan akwai wani reshe da ba ruwansa da ko ka yi laifi, ba ruwansa da ko kun ƙulla yarjejeniya. Abin da yake tambaya kawai shi ne: ka ƙaru? Ƙaruwar nan daga aljihun wane ta fito? Akwai dalilin da doka ta yarda da shi da zai sa ta zauna a hannunka? In babu, ka mayar. Tun 1760 babban alƙalin Ingila Mansfield ya shimfiɗa wannan a shari'ar Moses da Macferlan. Ya ce wanda ke riƙe da kuɗin da adalci ya wajabta masa mayarwa, doka za ta ɗauke shi tamkar mai bashi a wuya, ya kuma lissafa kuɗin da aka biya bisa kuskure, da wanda aka biya don wani abu abin bai samu ba, da wanda aka karɓa ta yaudara ko ta danniya.

Na san amsar da ke bakinku. Ai sunan mai karɓa yana fitowa a waya kafin mutum ya danna lambar sirri, wa ya hana shi dubawa? Sakacinsa ne, ya sha. Wannan hujja ta tsufa, an kai ta kotu tun 1841 ta faɗi. Wani mutum mai suna Solari ya yi inshorar rai, aka daina biyan kuɗin inshorar, ta mutu, kamfanin ma ya rubuta haka a littafinsa. Da mutumin ya rasu, matarsa ta je karɓa, manyan kamfanin suka manta suka biya ta. Ita ba ta yi musu ƙarya ba, ba ta san komai ba. Su ne da littafi a gabansu ba su buɗe ba. Duk da haka alƙalai suka ce wanda ya biya yana zaton akwai bashi a kansa alhali babu, yana da ikon neman kuɗinsa, komai girman sakacinsa. Gwauruwa ke nan mai takaba, da kamfani mai kuɗi. Ni ma zuciyata tana wajen matar, amma in aka ce sakacin mai biya yana halatta wa mai karɓa, to duk tsohuwar da idonta ya yi rauni ta zama nama, duk mai koko da ke tura kuɗi hannu ɗaya a ludayi ta zama nama.

Kuma kada a ce wannan tsohon zance ne. A watan Agustan 2020 bankin Citibank na Amurka ya yi nufin tura kuɗin ruwa kaɗan ga masu bin kamfanin Revlon bashi, ma'aikata suka kuskure suka tura kusan dala miliyan 900 daga aljihun bankin. Waɗansu suka mayar, waɗansu suka riƙe kimanin miliyan 500, suka ce ai dama muna bin bashi. Kotun farko ta ba su gaskiya, amma a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Waɗannan suna da manyan lauyoyi, kuma da gaske akwai bashinsu, lokacin biya ne bai yi ba. Kai da ba ka bin mai kuɗin ko fesuwa ɗaya, da me za ka tsaya?

Akwai kuma inda maganar ke barin bashi ta koma laifi. Lokacin da kuɗin ya shigo, ba ka yi komai ba. Lokacin da ka gane ba naka ba ne, mai shi ya kira yana roƙo, ka je ka cire ka kashe waya, ka shiga gonar dokar laifuffuka ta 1960, wadda ta ce sata ita ce mutum ya mallake abin da ba nasa ba da rashin gaskiya. Ba ta ce sai ka haura katanga ba. Layin da ka karya kuma da katinka na ɗan ƙasa aka yi masa rajista, sunanka da hotonka suna nan.

Sai dai a kula, mayarwa ma da hankali ake yi. 'Yan damfara sun gano akwai masu tsoron Allah, suna turo saƙon ƙarya mai kama da na kamfani, su kira suna kuka wai kuɗin asibiti ne. Kada ka yi aiki da saƙo, ka buɗe asusunka ka ga ko da gaske an ƙaru. In an ƙaru, ka kira kamfanin layin, ko ka je ofishinsu, su mayar da kuɗin inda ya fito. Kada ka tura wata lamba daban da aka karanto maka, kada ka danna abin da baƙo ya ce ka danna, lambar sirrinka kuma ko wanda ya ce daga kamfani yake ba ya da hurumin jin ta.

Momo dai ita ce ta fi fitowa fili. Wanda ya fi cin mu a zango shi ne kuɗin da aka ba mu don wani abu, abin bai yiwu ba, muka yi shiru. Tela ya karɓi kuɗin ɗinkin salla, salla ta wuce, yadi na nan a leda. Kafinta ya karɓi rabin kuɗin gadon amarya, an kai amarya ta kwana a katifa. Ɗan kamasho ya karɓi na neman ɗaki, ɗaki bai samu ba, ya ce na zirga-zirga ne. Mai "hanya" ya karɓi na biza, tafiya ta rushe. In ka je tambaya, amsar ɗaya ce: ba laifina ba ne, kaya ne suka yi tsada, wuta ce aka ɗauke, ofishin jakadanci ne ya hana. Mai yiwuwa gaskiya ka faɗa. Amma wa ya tambaye ka laifin wa ne? A 1939 wani kamfanin ƙasar Polan mai suna Fibrosa ya ba wani kamfanin Ingila kafin alƙalamin fam 1,000 don a ƙera masa injuna. Yaƙin duniya ya ɓarke, Jamus ta mamaye garin da za a kai kayan, kai kaya can ya zama haramun a dokar Ingila. Babu uzurin da ya fi wannan ƙarfi, Hitila ne ya tare hanya. Amma a 1942 kotun ƙolin Ingila ta ce a mayar da fam 1,000, domin wanda ya biya bai samu komai ba daga abin da ya biya dominsa. In yaƙin duniya bai halatta kafin alƙalami ba, ɗauke wuta ba zai halatta ba.

Iyayenmu masu gidajen haya, da girmamawa, wannan ya shafe ku. Dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi kuɗin gaba fiye da na wata 6 ba, amma kowa ya san shekara biyu ake karɓa a Kumasi. To in kun tashi ɗan haya saura masa wata 8 don ɗanku zai yi aure, na wata 8 ɗin nan ba naku ba ne, ko da an riga an zuba shi a bulo.

Dokar ba makauniya ba ce, tana duba mai karɓa shi ma. A Landan wani lauya mai suna Cass ya riƙa ɗibar kuɗin mutane daga asusun ofishinsu, sama da fam 320,000, yana kaiwa gidan caca. Gidan cacar bai san na sata ba ne. A 1991 kotun ƙoli ta ce duk da haka sai ya mayar, amma ba duka ba, sai kimanin fam 150,000, domin a tsakani ya riƙa biyan mutumin abin da ya ci. Daga nan aka tabbatar da ƙa'ida: wanda ya karɓa da zuciya ɗaya, ya yi wata hidima da ba zai yi ba in ba don kuɗin ba, har ya zama tilasta masa biya zalunci ne, ana sassauta masa gwargwadon haka. Misali kana jiran saƙo daga yayanka na Jamus, kuɗi ya shigo daidai lokacin, ka ɗauka shi ne ka raba wa dangi. Wannan yana da abin faɗa a gaban alƙali. Amma wanda aka kira sau goma yana kallon waya tana ƙara, sannan ya je ya buga caca da kuɗin, wannan ƙofa a rufe take gare shi. Hukuncin Ingila na bayan 1874 ba dole ba ne a kan alƙalin Gana, sai dai yana duba shi, lauyoyi kuma suna kafa hujja da shi.

A nan gida ma mun ga yadda mayar da kuɗi ya bambanta da ɗauri. A 2014 Kotun Ƙoli ta umarci ɗan kasuwa Alfred Woyome ya mayar wa gwamnati sidi miliyan 51.2 da ta biya shi, bisa ƙarar da tsohon babban lauyan gwamnati Martin Amidu ya kai. A 2015 wata kotu ta wanke shi daga tuhumar laifi. Wankewar ba ta goge umarnin biya ba.

Abin yana da ɗaya gefen, don kada wani ya ɗauki maganata ya mai da ita sanda. Ba duk amfanin da ka jawo wa mutum ne za ka bi shi kuɗinsa ba. Wani alƙalin Ingila ya ce a 1856, in mutum ya goge maka takalmi ba ka sa shi ba, me za ka yi in ba sakawa ba? Saboda haka kai da ka shafa wa ɗakin haya fenti ka liƙa tayil ba da sanin mai gida ba, kada ka yi mamaki in ya ƙi cirewa daga haya. Ka tambaya tukuna, a rubuta. Amma in mutum ya kawo maka mota gareji ya ce gyara, ba ku yanke farashi ba, ka gyara, ba zai ce tunda ba a yi ciniki ba kyauta ce. Sai ya biya ladan da aka saba biya a irin aikin.

Duk wannan, mu da muka zauna gaban malam da allo ba baƙonmu ba ne. Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta hana mu cin dukiyar juna da ɓarna, ta kuma hana kai maganar gaban mahukunta don a ci wani yanki na dukiyar mutane ana sane. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wani yakan fi wani iya tsara hujja, to wanda aka yanke masa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanke masa. Tsintuwa ma, wadda ba a san mai ita ba, cewa aka yi a yi cigiyarta shekara guda. Kuɗin momo kuwa da sunan mai shi yake zuwa, da lambarsa, da sa'ar da ya turo. Kuma malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar ko mai shi ya yafe. Istigfari bayan sallar asuba ba ya biyan sidi 500 na wata baiwar Allah da ke talla a Adum.

Wanda ya riga ya ci, hanya ba ta toshe ba. Dokar ƙayyade lokacin ƙara ta 1972 ta ba mai irin wannan haƙƙi shekara 6, don haka shirun da ka ji wata uku ba ya nufin magana ta mutu. Ka koma saƙonninka ka nemo lambar. In ka goge, ofishin kamfanin layin na iya fitar maka da tarihin asusunka, ka je da katinka. Ka kira mutumin, ko in kunya ta hana ka, ka sa limaminku ko wani dattijon unguwa ya kira a madadinka. In ba ka da shi a dunƙule, ku yanke abin da za ka riƙa turawa duk mako, ko sidi 20 ne, kana ajiye saƙon kowane biya. In an ce mai kuɗin ya rasu, magadansa ake ba.