Yadda na rage wa hanyar Kaduna kilomita 50

Motata Marsandi ce 240D ƙirar 1982, mai shan man gas, gadon kawuna. Giya huɗu gare ta, kuma ranar da ta fito daga kamfani a Jamus ƙarfin doki 72 ke cikin injinta. Yau Allah kaɗai ya san dawaki nawa suka rage a bargar. A cikin gari ba ni da abin cewa a kanta. Amma da zarar na wuce Kura na miƙi titin Zariya, allurar maleji ta hau 100, sai ta kama kururuwa kamar injin markaɗe ranar jajiberin salla. Hannuna ya yi ta lalubar giya ta biyar, alhali babu ita.

Wani dare na zauna da biro da bayan kalanda. Giya ta huɗu a motar nan ɗaya-da-ɗaya ce, yadda inji ya juya haka farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, ke juyawa. Bak-aksil ɗinta kuwa, mai raba juyin ga tayoyin baya, 3.69 ne, wato sai farfela ta zaga sau uku da kusan kashi bakwai cikin goma kafin taya ta zaga sau ɗaya. Da na haɗa da girman taya, sai na ga a gudun 100 injin na juyi wajen 3,200 a minti. Inji mai shan gas kuwa ba ya son hayaniya, wannan ma ƙarfin jansa a wajen 2,400 yake cika. Sai na tuna Marsandi 300D mai turbo ta 1985, wadda aka yi wa kasuwar Amurka, aksil ɗinta 2.88 ne. In na ɗaura shi, juyin zai sauko wajen 2,500. Ga shiru, ga sauƙin mai. A daren nan har tausayin injiniyoyin Jamus na ji, da wannan dabara ta wuce su.

Sati biyu ina sintiri a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano kafin a samo mini shi. Makanikena ya juya shi da ƙafa, ya dube ni.

"Alhaji, waccan mai turbon dokinta ya haura 120 fa. Taka kuwa..."

"Oga, kai dai ɗaura. Na yi lissafi."

"To, Allah ya sa lissafin ya san hawa."

Gwajin farko ni kaɗai na yi, da sanyin safiya, ba kaya. Kai, abin ba a magana! Har ƙarar agogon gaban mota na ji, abin da ban taɓa sanin yana da murya ba. Abu ɗaya ya ɗaure mini kai: allura na kan 80 amma ina ta wuce 'yan Sharon da Golf. Na ce lallai yau direbobin haya sun shiryu.

Ranar Asabar aka yi ɗaurin aure a Kaduna. Surukina a gaba, da babbar riga ta sha sitaci. A baya mai ɗakina da ƙannenta biyu, a but buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa da kwalayen lemo. Tun ba mu bar Kano ba cunkoso ya tsayar da mu a tsakiyar hawan gadar sama. Da hanya ta buɗe na sa giya ta ɗaya na saki kuloci, sai motar ta yi kakari ta mutu. Ashe aksil bai san giya ta huɗu kaɗai nake nufi ba, duk giyoyin ya ja musu tsawo, ta ɗayan ma ta koma kamar ɗaya da rabi. Na sake tayarwa, na danne totur, na riƙe kuloci rabi. Wari ya tashi kamar an jefa tsohon takalmi a murhu. Wani ɗan adaidaita sahu ya zagaye mu yana cewa, "Baba, a kai ta gidan tarihi mana!"

Surukina bai ɗago daga carbinsa ba. A hankali ya ce, "Ko mu sauka mu taimaka mata?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige har da motar.

Tafiya dai ta yi daɗi, don iskar hunturu na bayanmu tana tura mu. A Kawo na duba maleji, ya ce kilomita 180 muka yi. Hanyar da na san ta kai wajen 230! Na buɗe baki zan yi wa surukina albishir cewa gyaran titi ya rage nisa, sai Allah ya rufa mini asiri na tuna wayar maleji daga giyabos take karatu, ba daga taya ba. Juyin farfela take ƙirgawa, tana nan da tsohon lissafinta na 3.69. Wato duk sanda na ga 80, a kan 100 da ɗoriya nake. 'Yan Sharon ba su shiryu ba, ni ne na lalace.

A dawowa aka yi ta ta ƙare. Iskar da ta tura mu da safe yanzu a goshi take dukanmu, ga an ƙara mana wata gwaggo da ƙullin kayan biki. Daga Jaji zuwa Zariya, duk ɗan tudun da ban taɓa lura da shi ba sai da ya gabatar da kansa. In na sa ta huɗu, ƙafata har ƙasa, gudu sai raguwa yake, salansa na tuƙa baƙin hayaƙi kamar gidan burodi. Dole na koma ta uku. Ita kuwa ta ukun wajen 1.4 ce, in ka buga da 2.88 ka haura 4, ka wuce 3.69 ɗin da. Ma'ana na biya kuɗi, na yi sintirin sati biyu, don injin ya riƙa ihu fiye da yadda yake yi da. Man da na ce zan tara kuwa, a Kwanar Ɗangora sai da na ƙara na jarka a bakin titi.

"Baban Ummi," in ji mai ɗakina daga baya, da ƙarfi don a ji ta, "wai ba gyaran rage ƙara ka ce ka yi ba?"

Na yi kamar ƙarar ta hana ni ji, kuma rabin hakan gaskiya ne.

Litinin da sassafe ina gareji. Tun kafin in gama sallama Oga ya sa yaronsa ya jawo wani abu daga ƙarƙashin benci, naɗe cikin buhun siminti. Tsohon aksil ɗina ne, an rubuta sunana da alli a jikinsa.

"Mutum biyu sun taya," in ji shi. "Na ce mai shi ya je Kaduna ne, yana hanya."

Kuɗin aiki dai sau biyu na biya, da sabon faifan kuloci a kai. Na 2.88 ɗin yana zaurena har yanzu, da shi muke tokare ƙofa in iska ta taso.