"Wani ya kira ka" ba saƙo ba ne

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san wannan. Ka dawo daga taro, abokin aikinka ya ɗago kai ya ce, "Af, wani ya kira ka ɗazu." Wane ne? "Ban riƙe sunan ba, amma dai namiji ne." Me yake so? "Cewa ya yi ka neme shi." A wace lamba? Sai shiru.

Abin da ke damuna shi ne halin da mai kiran yake shiga. Ya ajiye waya hankalinsa kwance, a ganinsa saƙo ya isa. Zai jira yau, ya jira gobe, daga nan ya ce an wulaƙanta shi. Kuma laifin ba zai hau kan wanda ya ɗaga wayar ba, sai kan bawan Allahn da bai ma san an neme shi ba, da ma'aikatar baki ɗaya. Wataƙila mara lafiya ne ke son a sauya masa ranar ganin likita, ko direba ne ya tsaya da kaya bai san inda zai sauke ba.

Saƙo amana ne, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe wannan amanar ita kaɗai. Tun a 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller na Amurka ya yi bayanin cewa abin da mutum ke iya riƙewa a kai lokaci guda bai cika wuce abu bakwai ba. Lambar waya kuwa sau da yawa ta kai goma ko fiye. To don me biro da takarda ba za su zauna kusa da waya ba? Ka rubuta cikakken sunansa, daga ina yake kira, lambarsa, buƙatarsa a taƙaice, lokacin da ya kira, da ko abin na gaggawa ne. Ka sa sunanka a ƙasa, don a san wa za a tambaya.

Sannan, don Allah, ka maimaita masa abin da ka rubuta. "Ranka ya daɗe, bari in karanto maka lambar, ka gyara mini in na yi kuskure." Wasu na jin nauyin yin haka, wai kada a ce ba su da kaifin kai. Matuƙan jirgin sama fa haka suke yi kullum, duk wani muhimmin umarni da masu kula da zirga-zirgar jirage suka ba su sai sun maimaita. A 1977 jirage biyu sun yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Spain, mutum 583 suka mutu, kuma rashin fahimtar juna a rediyo na cikin manyan dalilai. Na san teburinka ba filin jirgi ba ne, amma lamba ɗaya ta kuskure ta isa ta sa saƙo ya mutu a hanya.

Ka kuma san abin da bai kamata ya fito daga bakinka ba. "Har yanzu bai shigo ba, kullum haka yake" tonon asiri ne. Ka ce ba ya kusa, zai dawo da ƙarfe biyu in ka tabbata, ka tambaya ko akwai abin da kai za ka iya taimakawa da shi. Lambarsa ta gida ko ta aljihu kuma ba taka ba ce da za ka bayar, komai matsin mai kira. Karɓi tasa, ka kai saƙon hannun mai shi kafin ka tashi daga aiki, in na gaggawa ne ka tura masa nan take.