Ku daina sayar wa mutane motar lantarki da sunan motar doguwar tafiya

Wallahi tun jiya raina yake a ɓace a kan bidiyon dillalin motocin nan da kuke ta turo mini. Abin da ya yi yaudara ce, ba ni da wani sunan da zan ba shi. Mutum ya tsaya yana bubbuga bonet, yana cewa da caji ɗaya za ka tashi daga Katsina ka sauka Abuja, wai ko tirela ka ɗaura mata ba ta san an yi ba, kuma duk wanda ya ƙara sayen motar fetur bai waye ba. Da a teburin mai shayi ya faɗa, da ban tanka ba. Amma ga mutane suna ta tambayar farashi, har da dattijon da ya ce kuɗin sallamarsa yake jira ya saya ya sa ta haya Daura zuwa Kaduna. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Gumin shekara 35 ne fa ake shirin raba bawan Allah da shi.

Lambar da aka rubuta a takarda ba ita ce lambar hanya ba. Ɗauki Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya haɗa a Legas, hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya ta yi ta tallata ta a 2021 lokacin da Jelani Aliyu yake shugabanta. Mota ce mai kyau, ban musa ba. Batirinta yunit 64 yake ɗauka, irin yunit ɗin da kake saya a mita, kuma an ce tana cin kilomita 482. To Katsina zuwa Abuja ya haura kilomita 500 ko ta ina ka bi. Ko a takardar ma ba ta kai ba. Wani zai ce ai akwai na China masu 600 da 700. Akwai, amma awon da ake yi musu a can mafi yawansa tuƙin cikin gari ne, a hankali, ana tsayawa ana tashi. Motar lantarki a nan take da ƙarfi, domin duk birkin da ka taka tana mayar da ɗan caji cikin batir. Kana hawa babban titi ka taka 120, labari ya canza. Iskar da mota ke turewa ba ninki biyu take yi ba idan ka ninka gudu, ninki huɗu take yi, kuma daga batir ake biyan duk wannan.

Sai ka ƙara zafinmu. A watan Afrilu, Katsina tana taɓa digiri 40. Wa zai rufe gilashi da iyali a ciki bai kunna AC ba? Batirin da kansa sai an sanyaya shi, shi ma daga cajin ake cirewa. Duk mai waya ya ga yadda take ɗaukar zafi a bazara har ta ƙi karɓar caji da sauri. Batirin mota ma haka halinsa yake.

Maganar tirela kuwa ita ta fi ba ni haushi, saboda an gwada, kuma sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A Amurka mutane suna jan ɗakin kwana mai taya a bayan mota su tafi hutu da shi. A 2022 mujallar Car and Driver ta ɗaura irin wannan ɗaki, mai nauyin kusan tan 2.8, a bayan manyan motocin lantarki uku, aka yi gudun kusan kilomita 113 a awa. Ford F-150 Lightning, wadda takardarta ta ce kusan kilomita 480, kusan 160 kawai ta iya. Ku auna da kyau: kilomita 160 bai kai ka Kano daga Katsina ba, a gab da shiga gari za ka tsaya. Hummer, mai batirin da ya kai nauyin wata ƙaramar motar, kusan 225 ta yi. Manyan motocin da aka ƙera don jan kaya ke nan, a titin Amurka. Shi kuma namu da ƙaramar motarsa yana cewa ba ta san an yi ba.

Dalilin a fili yake. Tankin lita 50 na fetur yana ɗauke da ƙarfin da ya haura yunit 400, sai dai injin yana ɓarnatar da mafi yawansa a zafi. Motar lantarki guzurinta kaɗan ne, da tattali take kai wa nesa. Kana ƙara mata kaya, tattalin ya rushe.

Kar wani ya ce mini mu ba ma jan ɗakin kwana. Je ka tashar mota ranar kasuwar Mai'aduwa ko Charanchi ka ga yadda muke loda mota. But a buɗe an ɗaure shi da igiya, buhun gero biyu sun leƙo waje, a sama an jera katifa da jarkokin manja, rago a ɗaure a gefe, mutum huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Ƙasan motar har yana neman taɓa kwalta. Wannan lodin shi ne tirelarmu, kuma da shi direban haya yake fitar da kuɗin mai da na cefane. Ka ce masa ya rage, ka ce masa ya bar sana'ar ke nan.

Na san motar fetur ma tana shan mai idan an loda ta. Tana sha, sosai ma. Amma minti biyar a gidan mai ka cika ka wuce, in ma ya yanke maka a daji akwai 'yan bumburutu, akwai mai babur da zai karɓi jarka ya je ya dawo. Lantarki ba a zuba shi a jarka. Idan ta mutu maka tsakanin Malumfashi da Funtuwa, masu ƙera ta cewa suke a ɗora ta a kan babbar mota, kada a ja ta da igiya tayoyi suna juyawa. Ina za ka samo wannan da la'asar sakaliya? Kuma duk wanda ke bin hanyoyin nan ya san abin da ake nufi da magariba ta same ka a tsaye. Ba maganar gajiya nake ba, maganar rai nake.

Ko ka samu soket a gidan wani mai kirki, cika batirin yunit 64 da soket ɗin gida yana cin fiye da awa 24, in wutar ba ta ɗauke ba. Da na'urar caji mai sauri, kusan awa guda ne ka kai kashi 80. Ita ce ake buƙata a Gidan Mutum Ɗaya, a Funtuwa, a Zariya, a Kazaure, kuma ita ce dillalin bai ambata ba ko sau ɗaya. Mun manta Oktoban 2024, da Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna? Masu cewa a sa sola, ku yi lissafi tukuna. Solar da ke riƙe muku fanka da firji ba ita za ta cika mota kullum ba. Masu cewa a Norway kusan duk sabuwar motar da ake saya ta lantarki ce, gaskiya ne, amma sai da suka shimfiɗa wuta da wuraren caji tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don Allah ku fahimce ni, 'yan uwa. Ina son motar lantarki ta yi nasara a ƙasar nan, da zuciya ɗaya. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 na ga magidanta sun jingine motocinsu sun koma hawa babur da manyan riguna. A farashin Band A na 2024, wato rukunin da aka ce za su riƙa samun wuta aƙalla awa 20 a rana, sama kaɗan da naira 200 kowane yunit, naira dubu 14 ta cika maka batirin Kona. Wane tanki za ka cika da wannan? Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Ma'aikacin da zirga-zirgarsa daga Ƙofar Ƙaura zuwa sakatariya ce, ya ajiye yara makaranta ya dawo, kuma yana da wuta a gida, ni da kaina zan ce masa ya saya. Abin da gwamnatin Borno ta yi a Maiduguri ke nan, ta sa motocin lantarki haya a cikin gari, ta yi musu wurin caji. Wannan shi ne hankali. Amma Baba mai jiran kuɗin sallama, ranka ya daɗe, kada ka sa kuɗinka a wannan da niyyar doguwar haya. Wanda ya san shi ya isar masa, don Allah.

Sannan duk lokacin da na wuce Lambar Rimi na ga fankokin nan na samar da wutar lantarki daga iska, sai in ji wani iri. Guda 37 aka tsara, su bayar da megawat 10, tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro maganar, ga su a bakin titin Kano, daidai inda matafiyi zai so ya tsaya ya yi caji. Yaran da aka haifa lokacin da aka faro maganar sun kai shekarun jami'a yanzu. Ina so wani daga cikin 'yan majalisarmu ya fito ya gaya mana a fili: fanka nawa ke juyawa yau, kuma ina wutar take zuwa?