Tafi Ba Ya Kwana: Nasiha Daga Rayuwar Hagi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Na san wani zai ce yau kuma me ya haɗa nasiha da ƙwallo. Ku yi mini haƙuri ku karanta, domin Allah Madaukaki da kanSa, da Ya tashi siffanta mana duniya a Suratul Hadid aya ta 20, da kalmar wasa Ya fara: wasa ce, da shagala, da ƙawa, da alfahari a tsakaninku, da gasar tara dukiya da 'ya'ya. Wanda ya kalli rayuwar ɗan wasa tun daga tashensa har zuwa furfurarsa, ya ga wannan aya tana tafiya da ƙafafunta.

Waɗanda suka kalli gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, wadda ita ce ta farko da Najeriya ta je, ba za su manta da wani gajeren mutum mai lamba 10 a bayan rigar Romaniya ba. Sunansa Gheorghe Hagi. A baki Haji ake cewa, amma mu da muka fara ganin sunan a rubuce sai muka ce ai ya dace da mai shi, don kuwa bahago ne, duk ɓarnar da yake yi da ƙafar hagu yake yin ta. A wasansu da Kolombiya ya ɗaga ƙwallo daga can gefen fili, daga inda kowa ke zaton zai miƙa wa wani ne, sai ga ta ta wuce kan mai tsaron gida ta faɗa raga. Ajantina da ta ci mu 2 da 1 a rukuni, Romaniya ta kora ta gida da ci 3 da 2, Hagi ne ya zura ta ukun. Suwidin ce ta tsayar da su a zagaye na gaba da bugun fenariti. A ƙasarsu Sarki suke ce masa, wasu kuma Maradonan tsaunukan Karpat.

An haife shi a 1965 a wani ƙauye na yankin Konstanta, a gaɓar Bahar Aswad. Ƙungiyar garin, Farul, ita ta fara saka shi a babbar gasa a 1982. Daga nan ya tafi Bukares, babban birni, har ya kai ga Steaua, wadda ya je wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai da ita a 1989, AC Milan ta lallasa su 4 da nema. A zamanin ba kowane ɗan wasa gwamnatin Ceausescu, shugaban Romaniya na lokacin, ke bari ya fita waje ba. Sai da mulkin ya faɗi a ƙarshen 1989 ƙofa ta buɗe, a 1990 Real Madrid ta ɗauke shi.

To a nan ne nake son samari su tsaya su duba. Wanda ya sa rigar Real Madrid, bayan shekara biyu sai ga shi a Brescia, ƙaramar ƙungiya a Italiya, wadda a kakarsa ta farko ta faɗa gasa ta biyu. Wato mutumin da duniya ta tsaya kallo a 1994, a kakar da ta gabaci gasar a rukuni na biyu ya yi wasa. Bayan gasar Barcelona ta saye shi, can ma benci ya sha. Yana da shekara 31 ya koma Galatasaray ta Turkiyya, mutane na cewa ya je cin kuɗin tsufa ne, sai ya zama a can ne ya ci kofin gasar ƙasa sau huɗu a jere. Yau sama, gobe ƙasa, jibi sama. "Kuma waɗannan kwanaki Muna jujjuya su a tsakanin mutane", in ji Allah a Ali Imrana aya ta 140. Kai da kasuwa ta juya maka baya bana, da kai da take yi da kai har kake taka mutane, duk ayar nan da ku take magana.

Akwai wani aibi da ya bi shi har ƙarshen wasansa, kuma ba zan ɓoye shi don ina son mutumin ba: zuciya. A watan Mayun 2000, a wasan ƙarshe na kofin UEFA da Arsenal a birnin Kopenhagen, ana cikin ƙarin lokaci ya kai wa Tony Adams, kyaftin ɗin Arsenal, duka, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati. Abokansa goma suka riƙe wasan, suka ci kofin da fenariti, shi yana waje. Bai fi mako shida ba, a gasar ƙasashen Turai, aka sake korarsa a wasa da Italiya, kuma wannan ne wasansa na ƙarshe a wata gasa da rigar ƙasarsa. Dattijo mai shekara 35, jagoran 'yan wasa, wanda ya ci wa Romaniya ƙwallo 35, da jan kati ya yi sallama da gasa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai ka da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Mutum zai iya juya ƙwallo yadda ya so daga nisan mita talatin, ya kasa juya zuciyar da ke cikin ƙirjinsa. Nawa ne a cikinmu saki uku ya fita bakinsu a irin wannan daƙiƙar? Nawa ne suka yanke zumuncin shekara ashirin a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba?

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya biyo bayan ritayarsa ne.

A 2001, yana ajiye wasa aka miƙa masa horar da ƙungiyar ƙasa. Kowa ya ɗauka wanda ya iya bugawa ai ya iya koyarwa. Sloveniya ta hana su zuwa kofin duniya na 2002, ya sauka bayan 'yan watanni. Ya je Bursaspor, bai daɗe ba. Ya koma Galatasaray, ya ci kofin ƙalubale na Turkiyya a 2005 da ci 5 da 1 a kan Fenerbahce, duk da haka ba a ci gaba da shi ba. Timishoara, babu daɗi. Steaua a 2007, 'yan watanni ya ajiye. Ya sake komawa Galatasaray a 2010, kafin kaka ta ƙare an sallame shi. Bakunan da suka yi masa kirari su ne suka koma cewa gwani ne a fili, amma ba koci ba ne. Haka tafi yake, ba ya kwana. Hannun da ya tafa maka da la'asar, da shi za a nuna ka da magariba.

Mutum irinsa yana da hanya mai sauƙi: ya zauna yana cin tsohon suna, ana gayyatarsa talabijin yana ba da labarin 1994 har ya mutu. Bai bi ta ba. A 2009 ya koma yankinsu, ya zuba kuɗin aljihunsa ya gina makarantar koyon ƙwallo ta yara a Ovidiu, kusa da Konstanta, ya kafa ƙungiya ya sa mata suna Viitorul, ma'ana gobe. Daga gasa ta uku ta fara. Wanda ya yi wasa a gaban dubun dubatar mutane a Madrid da Istanbul, ya dawo yana tsayawa a kan yara yana gyara musu yadda ake tarbar ƙwallo. A 2012 ƙungiyar ta hau babbar gasa, a 2014 ya karɓi horar da ita da kansa, a 2017 ta zama zakarar Romaniya da matasan da akasarinsu a hannunsa suka tashi, ta sha gaban ƙungiyoyin Bukares masu kuɗi.

Ni ba na yanke wa kowa hukunci a kan lahirarsa, wannan na Allah ne, kuma mun san aiki ba ya karɓuwa sai da imani da niyya. Abin da nake cewa shi ne, mutumin nan ba a karanta masa hadisin da aka karanta mana ba, amma ya gane abin da da yawanmu muka kasa ganewa. Mu ne aka faɗa wa cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Mun haddace shi tun muna Islamiyya. To ina aikin?

Ga tela nan, yaro ya shekara biyar a shagonsa yana guga da sa maɓalli, bai taɓa nuna masa yanka ba, wai kada ya buɗe nasa ya ɗauke masa kwastoma. Ga makaniki, in an zo wurin da sirrin aikin yake sai ya aiki yaron sayen goro. Ga ɗan kasuwa da ya riƙe yaro shekara goma bai sallame shi da jari ba. Har a cikin masu karatu akwai wanda ke jin ƙaiƙayi in almajirinsa ya fara fin shi jama'a. Alhaji, wannan sana'ar da kake ɓoyewa, da ita za a sa ka a likkafani? Arziƙin yaron ba a aljihunka yake ba, rabonka kuma ba zai koma nasa ba. Hannun nan da kake taƙama da shi zai fara rawa, idon zai dushe, kamar yadda ƙafar hagun Hagi ta daina gudu. Ranar ce za ka duba ka ga ko akwai wanda ya ɗauki abin da ka sani, ko kuwa da kai zai shiga ƙasa.

Ku kuma samari masu cika gidan kallo, har a kira salla a idar kuna jiran a busa hutun rabin lokaci, ku tambayi kanku su wa ake yi wa irin wannan ihun shekara talatin da suka wuce, kuma mutum nawa ne a cikinku ya san sunansu yau.

A 2021 Hagi ya haɗe ƙungiyarsa da Farul, wadda ta fara ba shi riga yana ɗan shekara 17, kuma a 2023 ya sake cin gasar Romaniya, wannan karon da sunan Farul. Ɗansa Ianis, wanda ya yi wasa a Rangers ta Sikotland, a makarantar ya tashi. A watan Yunin 2024, a birnin Munich, Romaniya ta ci Yukren 3 da nema a gasar ƙasashen Turai, nasararta ta farko a gasar tun 2000. A ranar Hagi yana da shekara 59, ba ya cikin fili, ba ya kan bencin masu horarwa. Ƙwallo biyu daga cikin ukun, Razvan Marin da Denis Dragus ne suka ci su, duka biyun yaran da suka fito daga makarantar nan ta Ovidiu.