Malaman Turanci, Mu Bar Yara Su Ƙware a Sassauƙar Jimla Tukuna

Da 'yan'uwana malaman Turanci na makarantun ƙauyukanmu na Jigawa nake. Muna gaggawar tura yara rubuta dogayen jimloli cike da "although" da "whereas", alhali ko jimla mai ganga (wato "clause") ɗaya ba ta zauna musu ba.

Ita sassauƙar jimla ganga ɗaya ce tak mai cin gashin kanta: ga wanda ake magana a kansa, ga abin da aka faɗa game da shi. "Birds fly" jimla ce cikakkiya. Amma fa ba gajarta ce ta sa ake kiranta sassauƙa ba. Duba wannan: "Musa and his brother drove three cows to Maigatari market on Thursday." Kalma 12, mutum biyu, aikatau ɗaya, don haka ganga ɗaya ce.

A nan yaranmu suke tuntuɓe, kuma ba daƙiƙanci ba ne. A Hausa dole a ce "Musa ya tafi", sai an sa wannan "ya" ɗin, shi ya sa yaro yake rubuta "Musa he went". Muna cewa "Ladi doguwa ce" ba tare da aikatau ba, sai yarinya ta rubuta "Ladi tall", ta bar "is" a baya. Ga kuma "s" ɗin nan na "she cooks" da ke ɓacewa kullum. Duk waɗannan a cikin ganga ɗaya ake gyara su. In aka haɗa ganga uku kafin a gyara, kuskuren ne ya ninku, kamar a ɗora rufi a kan ɗanyen gini.

Wani abokin aiki ya ce min mai duba takardar WAEC yana son ya ga jimloli iri-iri. Gaskiyarsa. Sai dai insha'in na kalma wajen 450 ne, kuma a ɓangaren ƙa'idojin rubutu kowane kuskure rabin maki yake ci. Yaron da ya jera sahihan jimloli ya fi wanda ya haddato wata doguwa daga littafi, ya maƙala ta inda ba muhallinta ba.

Ni dai shawarata, zangon farko na aji ɗaya a ƙaramar sakandare a bar wa sassauƙar jimla shi kacokan. Kullum yaro ya rubuta guda biyar a kan gero, rijiya ko akuyar gidansu, malam ya bi da jan biro. "And" da "because" su jira zango na biyu.