Takalmin Soja Ya Buɗe Baki, Iyalinsa Ke Biya

Na haura shekara 20 ina gyaran takalma a Marwa, arewacin Kamaru, amma ban taɓa riƙe aikin da ya ƙona min rai kamar but, wato takalmin soja, na ƙanena ba. Daga Mora ya zo hutun kwana uku, ya ajiye min shi a kan benci ya ce, "Yaya, duba min wannan, ko zai kai ni damina." Na ɗaga na juya. Tafin ya rabu da fata tun daga yatsu har tsakiya, ya wage baki kamar tarwaɗa, da igiyar roba ma ya ɗaure shi. Na soka basilla, ta shige ba gardama. Ashe kwali ne a ciki. Kwali! Babu ɗinki ko ɗaya, gam aka shafa aka manna. Wata huɗu ke nan da raba musu shi.

Wanda ya kawo wannan kaya, don Allah ya taɓa taka ƙasar nan a watan Afrilu? Zafi yana wuce digiri 40, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, gam kuwa narkewa yake yi. A haka yaran nan ke hawa duwatsun Mandara, ga ƙaya ga tsakuwa mai yanka. Damina ta faɗi kuma a tura su wajen Fotokol ko Darak, inda laka ke riƙe ƙafa har sai ta zare takalmin. Tun 2014 'yan Boko Haram suka hana yankin nan barci. Mun ga abin da aka yi a Kolofata da Amchide, mun ji irin ɓarnar da aka yi a Fotokol a 2015 da Darak a 2019. Mutumin da ka tura irin waɗannan wurare, shi za ka ba takalmin kwali?

Na faɗa masa gaskiya, wannan ba ya gyaruwa. Muka shiga kasuwa wajen 'yan gwanjo, na yi ta lanƙwasa tafi ina duba ɗinki har muka samu mai ƙwari, sefa 45,000. Kuɗin ba nasa ba ne. Adashin matarsa ne, wanda ta yi wata da watanni tana zubawa don kuɗin makarantar yara a Satumba. Ta kwance bakin zane ta miƙo ba ta ce uffan ba, ni ne na kasa kallon idonta.

Kuma ba takalmin kaɗai ba. Tocila shi ya saya, haka gidan sauro da safa da jakar goyo, har batirin cajin waya da yake kiran Inna da shi ta ji yana raye. Maɗaurin rigar sulkensa ya tsinke, ni na ɗinke masa da zaren takalmi. Ina ɗinki hannuna na rawa, don na san abin da rigar nan take tarewa. Ni mai gyaran takalma, me ya haɗa ni da rigar sulke in ba lalacewa ba?

Wani ya ce min ai ko a Amurka da Faransa sojoji kan sayi nasu kayan. To, mai sayen abin da ya fi masa daɗi daban, wanda dole ta sa shi daban. Namu in bai saya ba, da ƙafa a waje zai fita sintiri. Abin da ya fi ba ni tsoro ma, kasuwa cike take da jabu. Ni na san fata, na zaɓa masa takalmi. Wa zai zaɓa wa ɗan ƙauyen da ba shi da kowa a gari hular kwano? Sai ranar da harsashi ya zo za a san ko ta gaske ce.

Shi ba ya iya magana, soja ba ya ƙorafi, in ya buɗe baki a ce ya yi rashin ɗa'a. Ni ba kaki a jikina, zan faɗa. Akwai wanda ya karɓi kwangilar takalman nan, akwai wanda ya duba ya sa hannu ya ce sun yi, kuma an biya kuɗi. Ba na faɗin sunan kowa, amma su sun san kansu, Allah kuma ya san su. Marwa garin majema ne da dukawa, fatarmu har baƙi ke zuwa saye. A nan cikin gari akwai hannayen da za su ɗinka takalmin da zai shekara biyu a kan dutse.

Ya koma Mora da takalmin gwanjo a ƙafa, Inna ta raka shi da addu'a har bakin titi. Matarsa ta sake shiga wani adashin. Tsohon but ɗin yana nan rataye a ƙusa a shagona, ban yar ba kuma ba zan yar ba, duk wanda ya zo gyara sai na sauke na nuna masa kwalin.